Kazar Yakura

Sanyin bana ya shigo da wuri. Jiya da safe na fito ɗiban ruwa na tarar da randa kamar an zuba mata ƙanƙara, kajina kuma sun taru a gindin garu inda rana ke fara sauka, kowacce ta ɗage ƙafa ɗaya ta cusa cikin gashinta. Na tsaya ina kallonsu da moɗa a hannu har yatsuna suka fara zafi. Duk shekara haka nake. Da sanyi ya kama, sai zuciyata ta koma wani sanyin na shekarun tashin hankali, lokacin muna haya a unguwar Mairi a Maiduguri, da kwanakin da na yi ina jinyar kaza guda ɗaya.

Yanzu in zan ɗumama ruwa, murɗa kan gas kawai nake yi. A wancan lokacin wuta ma sai da lissafin hankali. Masu zuwa daji yin itace sun daina fita, saboda waɗanda suka fita ba duka suke dawowa ba. Gawayi ya yi wuya, wutar lantarki kuwa mun manta kamanninta. Sau ɗaya nake hura wuta a yini, da hantsi, in dafa burabusko ko tuwon dawa da miyar kuka, in dama kunu a kan ragowar garwashin, abin da ya rage da yamma mu ci shi da sanyinsa. Maigidana, Baban Zara, direban motar kifi ne, bandar kifi yake ɗaukowa daga bakin tafki. Da hanya ta rufe sai ya koma zama, wani lokaci ya samu dako a cikin gari, wani lokaci ya dawo hannu biyu. Mu da muke kyautar da kifi ga maƙwabta, sai ga mu muna yin wata ba mu ji ƙamshinsa a miya ba.

A cikin wannan hali Yakura ta zo. Yayar mahaifiyar maigidana ce, shi ya sa kowa ke ce mata Yakura, wato babbar uwa. Ƙauyensu aka shiga, mutane suka watse. Kwana uku ta yi tana tafiya a ƙasa tare da wasu, har wata mota ta kwaso su zuwa gari. Wani ɗan garinsu da ya san gidanmu ne ya kawo ta ƙofa da rana tsaka. Ba ƙunshin kaya, ba ko ƙwarya. Abin da ke hannunta kawai kaza ce wake-wake, ƙarama, mai ɗan guntun zanko, ta rungume ta a ƙirji.

Na ce mata, "Wushe, Yakura. Sannu da hanya." Ba ta amsa ba. Baban Zara ya durƙusa ya yi mata magana da Kanuri, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta dube shi kamar ba ta san shi ba. Matar da na sani a bikin aurena tana ba da umarni daga kan tabarma, muryarta har waje, ita ce wannan. Na shimfiɗa mata a ɗakin Zara, 'yata, wadda a lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba. Kazar kuma muka sake ta a tsakar gida.

Sati uku Yakura ba ta ce uffan ba. Salla take yi a zaune, ta koma ta kwanta. In na kai mata kunu, ta kurɓa sau biyu ta ture kofin. Da hantsi kaɗai take fitowa, ta zauna a bakin ƙofa ta zuba wa kazar ido tana tono a gindin dogonyaro. Ni kuwa ina kallon wuyan hannunta yana ƙara sirancewa.

Sai sanyi ya sauko da ƙarfinsa. Wanda ya san zafin Maiduguri kaɗai ba zai yarda da irin sanyinta ba. Da asuba ruwan alwala yanka fata yake yi. Leɓe ya tsage, diddige ya dare, man kaɗe ya ƙare a gwangwani muna lakatar gindinsa. Iska takan biyo ta ƙarƙashin ƙofa ta shiga har ƙashi. Barguna biyu ne a gidan, na ba Yakura da Zara mai kaurin.

Ran wata Asabar da safe na watsa tsaki, kazar ba ta zo ba. Na same ta a bayan turmi ta takure, ta saki fikafikai har ƙasa, gashinta ya tashi, idonta a rufe. Zankonta da yake ja ya koma fari-fari. Na miƙa hannu, ba ta ko yi yunƙurin gudu ba. Da na ɗaga ta sai na ji ba nauyi, ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa, ƙafafunta sanyi ƙalau. In ta ja numfashi sai wani ɗan kurari ya fito daga maƙogwaronta.

Baban Zara ya fito ya duba, ya girgiza kai.

"Hauwa, wannan ba za ta kai gobe ba. Miƙo wuƙa a yanka ta kafin ta zama mushe. Ko romo Yakura ta samu ta sha."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma da ya ambaci romo sai da yawuna ya tsinke. Na shiga na ɗauko wuƙar. Ina fitowa na ga Yakura ta taso daga bakin ƙofa, tana dafa bango. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da kazar, ta ja gefen mayafinta ta lulluɓe ta. Ba ta dubi kowa ba.

Muka tsaya, ni da wuƙa a hannu. A sati uku, wannan ne karo na farko da na ga ta nuna tana son wani abu ko ba ta so.

Na ce, "Malam, a bar mini ita zuwa Juma'a."

"In ta mutu kafin nan fa? An yi asarar kaza, an yi asarar nama."

"In ta mutu, laifina ne. A bar mini ita."

Ya dubi Yakura, ya dube ni, ya ce, "Allah ya ba ki sa'a," ya saka hularsa ya fita.

Ban taɓa jinyar kaza ba. A Gamboru na tashi, gidan 'yan kasuwa, kaza a wurinmu sai dai a sayo a yanka. Abin da na ji mata na faɗi shi na fara yi. Na samu kwalin taliya na shimfiɗa tsohon zane, na sa ta a ciki, na kai ta lungun ɗakinmu inda iska ba ta kaiwa. Na daka tafarnuwa da ɗan barkono na jiƙa a ruwan ɗumi, na buɗe bakinta na ɗiga mata da cokali. Rabi ya zube a zanena. Na jiƙa tsaki ya yi laushi na kai mata baki, ta kau da kai.

Matsalar ita ce ɗumi. Ba ni da gawayin da zan hura mata wuta ta daban. Sai na ciro wani guntun jan bulo daga gindin murhu, in ina girki in tura shi cikin garwashi, in na sauke tukunya in naɗe shi da tsumma in sa mata a gefen kwali. Yakan riƙe zafi har la'asar. Na yamma kuma, ɗan ruwan zafin da nake ajiyewa a filas don alwalar asuba, shi na riƙa zubawa a kwalba ina sa mata. Na koma alwala da ruwan randa. In na idar sai in cusa hannuwana a hammata ina tsalle a tsakar ɗaki kamar yarinya, Baban Zara yana kallona yana cewa, "Ke dai kin ɗora wa kanki."

Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce, ba sauƙi. Ran Litinin da yamma ido ɗaya ya kumbura ya liƙe, hancinta na fitar da ruwa. Ba ta iya tsayuwa, sai dai ta kife a kan ƙirji. Yakura ta bar zaman bakin ƙofa ta dawo ƙofar ɗakinmu, tana leƙen kwalin. Kunun ma da take kurɓa sau biyu ta daina taɓawa.

A nan na tuna da Mama Chidi. Wata Inyamura ce mai shagon abincin kaji da magungunansu a kasuwar Gamboru, shagonta na kallon na mahaifina tun ina yarinya. Da rikici ya yi tsanani 'yan'uwanta da yawa sun tattara sun koma gida, ita ta ce a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta binne mijinta, ba inda za ta. Na san in akwai wanda zai gane ciwon kazar nan, ita ce.

Ran Talata da hantsi na sa kazar a kwando na rufa mata tsumma, na fita. An daɗe da hana babura, sai Keke mai ƙafa uku. Keke kuwa ba ƙofa, iska na dukanmu ta ko'ina. Ba mu yi nisa ba na ji kwandon na rawa a cinyata, kazar ce ke karkarwa. Ban yi wani tunani ba, na ciro ta na cusa ta ƙarƙashin hijabina, na manna ta da cikina, na tallafe ta da hannun hagu. Can na ji karkarwar ta ragu. Har na ji daɗi, ina yaba wa kaina dabara.

A shekarun nan ba a shiga kasuwa kai tsaye. Ana sauke mutane nesa da ƙofa, a yi layi, maza gefe, mata gefe, masu gadi da gora su duba kowa. Dalili kuwa kowa ya sani, an sha ɗaura wa mata abin fashewa a ƙarƙashin hijabi a turo su cikin taro. Na san wannan sarai. Amma hankalina duk yana kan numfashin da nake ji a jikin cikina. Na sauka na nufi layin mata, kwando fanko a hannun dama, hannun hagu a cikin hijabi, ga tudu a gabana.

"Ke! Tsaya nan!"

Na waiga ina neman wadda ake yi wa tsawa. Sai na ga wani mai gadi ya nuna ni da gora yana ja da baya.

"Kar ki matso! Kar ki motsa!"

Kafin in ƙifta ido layin ya watse. Mata suka zubar da kaya suna salati, wata ta faɗi ta tashi, tiren tumatir ya kife ya bazu a titi. Masu Keke suka bar Kekunansu. Sai ga ni ni kaɗai a tsakiyar fili, kowa ya yi nisa, ido duk a kaina. Can gefe, bayan buhunan yashi, na ga bakin bindiga ya juyo.

"Ɗaga hannu! Duka biyu!"

Na saki kwandon na ɗaga na dama. Na hagun ya ƙi fitowa, saboda in na sake ta za ta faɗo. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita.

"Na ce duka biyu!"

Na yi kalmar shahada a zuci, na zare hannun a hankali na ɗaga. Kazar ta zame ta maƙale a ɗaurin zanena, ƙafafunta biyu suka leƙo ta ƙasan hijabi suna reto. Sai a lokacin muryata ta dawo.

"Kaza ce! Wallahi kaza ce! Ba ta da lafiya!"

Na faɗa da Hausa, na faɗa da Kanuri. Wata dattijuwa cikin masu duba mata ta tako kaɗan ta tsaya, ta ce, "'Yata, kama bakin hijabin da yatsu biyu ki ɗaga a hankali. A hankali." Na ɗaga. Kazar ta sulale ta faɗo a kan ƙafafuna, ta kife a nan, ko fuka-fuki ba ta kaɗa ba.

Wani ya fashe da dariya daga nesa, wasu suka bi. Mai gadin da ya tsayar da ni bai yi dariya ba. Ya zo gabana, gumi na zuba a goshinsa cikin wannan sanyin.

"Hajiya, kin san abin da ya kusa faruwa? Kin sani? A kan kaza?"

Na ce, "Na sani. Ka yi haƙuri, laifina ne."

Shi ke da gaskiya. Na durƙusa na taya mai tumatir tsince kayanta, tana zagina tana hawaye, ina ba ta haƙuri. Dattijuwar ta duba ni, ta ɗauki kazar ta sa mini a kwando, ta ce, "Koma gida ki huta." Na ce mata, "Inna, na riga na zo." Na shige kasuwa.

Labari ya riga ni isa shagon Mama Chidi. Tana ganina ta dafa ƙirji.

"Hauwa! Ke ce mai kazar? 'Yar Alhaji, kina son ki kashe ni?"

Ta zaunar da ni a benci ta ba ni ruwa, sannan ta karɓi kazar. Ta juya wuyanta hagu da dama, ta buɗe baki ta leƙa, ta matsa hanci, ta ɗaga fiffike ta hura gashin.

"Ba mai murɗe wuya ba ne. Da shi ne, sai in ce ki je ki haƙa rami. Wannan mura ce ta kama ta sosai, ga ƙwarƙwata ta shanye mata jini, ga yunwa. Me kike ba ta?"

Na faɗa mata.

"Barkono! Ke in kina mura a maƙogwaro, barkono ake ɗura miki?"

Ta ƙulla mini wani garin magani rawaya a leda, ta ba ni sirinji marar allura. Ta nuna mini yadda zan yi: ɗan kaɗan a bakin cokali cikin ruwan ɗumi, safe da yamma, kwana biyar ba fashi ko da ta warware. A gefen baki zan ɗiga, ɗigo ɗigo, in bar ta ta haɗiye da kanta, in na ɗura mata a maƙogwaro zai bi hanyar numfashi ya kashe ta. In wanke idon da ruwan gishiri mai ɗumi. In shafa mata toka mai laushi a ƙarƙashin fikafikai. Kar in kai ta kusa da hayaƙi. Abinci kuma kunu mai kauri, ko da ɗigo uku ne.

Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Kazar waye wannan da kika kusa mutuwa a kanta?"

Na ce, "Ta surukata ce. Ita kaɗai ta fito da ita."

Ta ɗebi abincin kaji cikin gwangwani ta ƙulla ta jefa mini a kwando.

Da yamma na gaya wa Baban Zara, don na san zai ji a gari. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya miƙe tsaye a tsakar gida.

"Da sun harbe ki fa? In ce wa Zara me? In ce uwarki ta tafi kai kaza asibiti?"

"Na yi kuskure, Malam. Ba zan sake ba."

"Kawo ta nan in yanka ta kowa ya huta!"

"Ka ba ni zuwa Juma'a. Yau Talata."

Ya tsaya yana huci, sannan ya shige ɗaki. Yakura na zaune a ƙofa, duk ta ji. Washegari da ya fita bai yi mini sallama ba, amma da azahar ya dawo da rabin buhun dusar katako daga wurin wani kafinta, ya ajiye kusa da kwalin ya ce, "Zanen nan ya jiƙe, wannan ta fi riƙe ɗumi." Ya fita abinsa.

Ran Alhamis da safe ina zaune da kazar a cinya ina fama. Na riƙe kai da hannu ɗaya, sirinji a ɗaya, bakin ya ƙi buɗuwa, maganin na bin wuyanta. Sai na ji murya a kaina, a dushe kamar ta wanda ya tashi daga barci.

"Ba haka ba. Kawo."

Na ɗaga kai. Yakura ce. Na kusa sakin sirinjin. Ta zauna ta karɓi kazar, ta matse ta a hammata, ta sa babban yatsa da manuni a gindin bakin ta danna kaɗan, sai ga baki ya buɗe da kansa. Ta miƙo hannu in ba ta sirinjin, amma hannun rawa yake yi sosai.

Na riƙe abina na ce, "Yakura, hannunki na rawa. Mama Chidi ta ce in ya zarce maƙogwaro kashe ta zai yi. Ki sha kunu tukuna, hannun ya tsaya."

Ta dube ni da wani irin kallo, irin wanda na sani a da. Ni ma na dube ta, ban sauke ido ba. Na tashi na zubo kunu cike da kofi na ajiye a gabanta. Ta ɗauka ta sha, ta huta, ta sha, har ta ga gindin kofin. Sannan na ba ta sirinjin.

Daga ranar muka raba aiki. Ita ke riƙewa ta buɗe baki, ni ke ɗigawa, ko ni in riƙe ita ta ɗiga, amma kullum sai ta ci wani abu kafin in kawo magani. Ta gane wayon, takan yi tsaki, amma tana ci. Ita ta tankaɗe toka ta shafa wa kazar. Ita ta ce bulona ya yi zafi da yawa, a ƙara tsumma. Da hantsi mu fitar da kwalin rana, mu zauna mu uku a gindin garu, in inuwa ta zo mu ja gaba.

Juma'a ta zo kazar ba ta tashi ba, amma kurarin ya ragu, idon da ya liƙe ya buɗe kaɗan. Baban Zara ya dawo daga masallaci ya leƙa kwalin ya daɗe. Ina jira ya yi maganar wa'adi. Sai ya ce, "Maganin saura na kwana nawa?" Na ce biyu. Ya ce, "To, a ƙarasa."

Ran Lahadi na ɗiga mata kunu a gefen baki, sai ta juyo ta cafki bakin cokalin da kanta. Ran Litinin ta miƙe a cikin kwalin, ta yi tangaɗi ta zauna, ta sake miƙewa. Ran Talata da hantsi, muna zaune a rana, ta taka bakin kwalin ta diro ƙasa. Ta tsaya tana kallon tsakar gida kamar baƙuwa. Ta yi taku uku, ta sa ƙafa ta tona ƙasa sau ɗaya, ta tsinci wani abu ta haɗiye. Zara ta yi ihu tana tafi. Ni kuwa na rufe fuska da mayafi, don ban so a ga ina kuka a kan kaza.

A wannan zaman ne Yakura ta yi magana mai tsawo, rabi Kanuri rabi Hausa, idonta a kan kazar.

"Ba tawa ba ce. Ta Aisa ce."

Aisa autarta ce, tana aure a ƙauyen, da 'ya'ya biyu. Ta ce da safen da aka shigo, suna gudu tare, Aisa da goyo a baya da kazar a hannu, don ita ta fara cin karo da ita a ƙofa. Sun kai bakin gari sai Aisa ta ga babbar 'yar ba ta biyo su ba. Ta tura wa uwarta kazar ta ce, "Ya," haka take kiranta, "riƙe mini, ina zuwa." Ta juya da gudu.

"Na tsaya a gindin tsamiya ina jira. Mutane suka ja ni. Ta ce in riƙe mata, Hauwa. Ban ce mata a'a ba."

Na matsa na kama hannunta, muka zauna har inuwa ta cim mana.

Da na gaya wa Baban Zara, sai ya shiga nema. Dama yana tambaya, amma yanzu duk ranar da aka ce an kawo sababbin mutane wani sansanin 'yan gudun hijira, can zai yini, yana bin tanti tanti da sunan ƙauyen a bakinsa. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo har kwano na ƙara da rana. Kazar ta yi ƙiba, zankonta ya koma ja, ta fara ƙwai a bayan turmi. Yakura ta karɓe mini tsintsiya da tankaɗe, ta dawo da faɗanta, har takan ce miyata ba ta ji daddawa ba.

Ana gab da damina, wata rana da la'asar ya shigo da gudu ko sallama babu. Ya durƙusa gaban Yakura ya ce, "Na gan ta. Tana raye."

Da safe muka shirya. Yakura ta ce sai da kazar. Na sa ta a buɗaɗɗen kwando na ɗora a ka, kowa na gani. Sansanin wata makaranta ce da aka cika da mutane, har ƙarƙashin bishiyoyi. Aisa na zaune a barandar wani aji, ta rame har na kasa gane ta. Yarinya ɗaya ce a jikinta, ƙaramar. Ba wanda ya tambayi ɗayar a ranar.

Suka rungume juna suka daɗe. Da suka natsa, Yakura ta juyo ta karɓi kwandon daga hannuna, ta ciro kazar ta ɗora wa Aisa a cinya.

"Ga ajiyarki."

Aisa ta dubi kazar, ta dubi uwarta.

"Wace ajiya, Ya?"

"Da kika ce in riƙe miki. A bakin gari."

Aisa ta yi tunani, sannan ta girgiza kai a hankali. Ba ta tuna ba. Abin da ya biyo bayan wannan safiyar ya shafe shi. Na dubi Yakura ina tsoron yadda za ta ɗauka. Sai ta gyara mayafinta kawai ta ce, "Ni dai na riƙe."

Baban Zara ya je ya yi magana da masu kula da wurin, suka yarda mu tafi da ita. Muka cika Keke ɗaya, shi a gaba kusa da direba, mu uku a baya da yarinya. Na miƙa kwando don a mayar da kazar, Aisa ba ta sake ta ba. Duk tsawon hanya tana riƙe da ita a cinya, tana kallon titi, yatsunta na shafa gashin wuyanta. A haka har muka shiga kwanar Mairi. A nan ta sunkuya ta dubi kazar da kyau, sannan ta tambayi uwarta da ƙaramar murya, "Me take ci?"

Yakura ta nuna ni da haɓa ta ce, "Tambayi Hauwa. Ita ta san ta."